Randar Madubi da Idon Inna

Ku 'ya'yana, na sha jin ku kuna ba da labarin randar madubin da ke ɗakina, kuma kullum labarin yana ƙarewa da cewa uwarku Rakiya ce ta wanke ta da sabulu, shi ya sa kakarku ba ta ga kifin teku ba. Kuna faɗa kuna dariya, ita ma tana taya ku, don haka Allah ya yi ta, ba ta iya kare kanta ba. Ni dariyar ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Lokacin da abin ya faru, manyanku suna karatu a Yamai, ƙananan kuwa hannun uwarsu kawai suka gani cikin kumfa. Tun da yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ba kasuwa ba majalisa, bari in rubuta muku yadda aka yi a shekarar da na dawo Tawa gaba ɗaya.

Kamar yawancin mazan Adar, ina saurayi na tafi biɗa. Abijan na faɗa. Na yi talla, na yi gadi, daga baya na samu aiki a shagon wani ɗan Labanan mai sayar da kifin teku na ado, irin wanda ake zubawa a akwatin gilashi a manyan otel da gidajen masu hali. Da ɗaukar ruwa na fara, na ƙare ni ake aikawa in haɗa akwatin tun daga gilashi har kifi. A nan gemuna ya yi fari. Nakan zo gida in ga dangi, in bar wa uwarku ciki, in koma. Inna kuwa, mahaifiyata, 'yar Bambai ce, iyakar tafiyarta a duniya Ƙonni. Ba ta taɓa tambayata aikin da nake yi ba, kuma ba don ba ta damu ba. Ni ne ɗanta na fari. Ku 'yan yanzu da uwa take rungume ku a tasha ba za ku gane wannan ba, amma matan zamaninsu kunyar ɗan fari suke ji har kabari. Ana yaye ni aka miƙa wa kakata. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta duban fuskata, in na durƙusa gaishe ta sai ta juya gefe ta amsa wa bango. In tana da magana da ni, sai ta nemi wanda ke kusa ta bi ta kansa. Sunana a bakinta shi ne "mutumen ga". Wata shekara ina jin ta tana tambayar uwarku a bakin murhu:

"Rakiya, wai da gaske na mutumen ga kihi shika yi ma hidima? Kihin da ba a ci?"

"Hakanan na, Inna. Wai ja da shuɗi da rawaya, awa atamhwa."

"Uhm. Allah mai iko. Ni dai kihin da nis sani, na Tabalak na, kuma cikin mai nig gane shi."

Ta yi dariya, amma daga baya uwarku ta gaya mini ta sake tayar da zancen fiye da sau ɗaya. Wannan ya zauna mini a rai.

Sai labarin idonta ya iske ni. Lokotoro, wato likita, a nan Tawa ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne, jijiyar gani ce ke mutuwa. Ido ɗaya ya riga ya tafi. Ɗayan yana tsukewa daga gefe, tana ganin abin da ke gabanta kawai kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Maganin ɗigawa zai rage gudun abin, amma ba zai tsayar da shi ba, kuma bai yarda ya faɗi tsawon lokacin da ya rage ba. Da na ajiye waya na san zamana a Abijan ya ƙare. Na kuma ƙudura abu ɗaya: kafin idon nan ya rufe, Inna za ta ga abin da ya raba ta da ɗanta shekara da shekaru. Ba za ta iya tafiyar teku ba, to zan kawo mata ɗan yankinsa. Na naɗe fallayen gilashi cikin barguna, na ɗauko buhunan gishirin teku na musamman, da matatar ruwa, da ƙaramin injin da ke juya ruwa, da fararen duwatsu masu huda-huda irin na ƙarƙashin teku. Da aka sauke kayana a tashar Tawa, wani dattijo ya taɓa buhu ya ji abin da ke ciki, ya dubi jama'a.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Mutum ya tahi biɗa ya komo Adar da duwatsu! Namu sun ƙare na?"

Har yau akwai masu kirana Mai Duwatsu a unguwar nan. Na ji haushi ranar, don ni ba gwanin ɗaukar tsokana ba ne, amma in an bi gaskiya dattijon bai yi ƙarya ba.

Tsohon ɗakin ƙasa na zaɓa, don ya fi ɗakin siminti sanyi, kuma na yi sa'a farkon sanyi ne, zafin Tawa bai tashi ba. Na ɗora sola a kan rufi da batir, saboda kuran ɗinmu, wato lantarki, kun san halinsa, kifin teku kuwa in ruwa ya daina motsi ba ya daɗewa. Na liƙe gilashi, na tace ruwa, na narka gishiri, na jera duwatsu. Ruwa ya kwanta garau. Uwarku ta riƙo hannun Inna ta kawo ta. Inna ta shafa gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, ta raɗa masa suna nan take, randar madubi, sannan ta ce:

"Rakiya, tambayi mutumen ga, ina kihin?"

Nan na yi bayanin da nake yi wa masu otel, sai dai da Hausa, kuma ina duban gilashi. Na ce kifi yana kashi a cikin ruwan da yake shaƙa, kashin da ragowar abinci suna ruɓewa su zama guba. A tsohon akwati akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zaune cikin ramukan duwatsu, su ke cinye gubar. Sabon akwati ba su a ciki. Dole a jefa ɗan yankin ɗanyen kifi ya ruɓe, gubar ta taso, halittun su samu abinci su hayayyafa. Su ma in sun ci, wata guba ta biyu suke fitarwa, sai an jira wasu irinsu sun zo sun cinye ta. Ana ɗiban ruwan a 'yar kwalba a ɗiga magani, launi ya faɗi inda aka kwana. Sai gubar farko da ta biyu duk sun ɓace ake cewa ruwa ya nuna, kuma abin yakan ci wata ɗaya da wani abu. Na ɗauka za ta ce wannan surkullen Turawa ne. Sai ta gyaɗa kai.

"To mi na na abin mamaki? Sabuwar randa ma ba a ba baƙo ruwanta na hwari. Sai ta sha ta ƙoshi, ƙasa ta bar bakinta. A bar shi shi nuna."

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a ɗakin. Ni ina kan 'yar kujera gaban gilashi ina gwaje-gwajena, ita tana baya kaɗan daga gefe. Fitilar akwatin a kashe take, don haske yana gaggauta gansakuka, sai hasken ƙofa kawai. Ba abin kallo a ciki sai duwatsu da ɗan naman kifi yana narkewa, amma ba ta fashi. Tun da dukanmu gilashi muke fuskanta, ba wanda ya karya al'ada. Sai na tsinci kaina ina ba gilashi labari: yadda teku ke ruri, yadda na yi amai ranar da na fara shiga kwalekwale, yadda na kwana a ƙarƙashin tebur a kasuwa shekarata ta farko. Ita kuma ta ce "Rakiya, ji wani abu!" ko da Rakiya ta daɗe da fita duba tukunya. A rayuwata ban taɓa zama da mahaifiyata haka ba, kuma ina jin daɗinsa, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Ina lura da ita. Yau ta yi karo da buta, gobe ta miƙa hannu ta kuskure ƙwarya. Kowace kwalbar gwaji da na ɗaga, sai in ji kamar ina auna abin da ya rage na idonta.

A hankali ruwan ya kama hanya. Gubar farko ta hau ta sauka, ta biyu ta hau ta fara sauka. Wani santsi mai ruwan ƙasa ya rufe duwatsu ya hau gilashi, abin ƙyama ga wanda bai sani ba, ga mai sana'ar kuwa albishir ne cewa an kusa. Na kira abokina Hashimu, ɗan Afala da muka yi aiki tare a shagon, na ce ya fara shirya kifi. A makon ne aka yi rasuwa a danginsa, na tafi Afala gaisuwa tun da safe. Da na dawo da yamma, tun daga zaure na ji ƙamshin sabulu. A tsakar gida ga duwatsuna an shanya a kan tabarma, fari fat, an goge su da sabulu da toka. Akwatin yana ta ƙyalli, ba ɗigon ruwa a ciki. Uwarku tana tsaye, hannunta ya yi jawur saboda gishiri. Ban san abin da fuskata ta nuna ba, na ga dai ta sunkuyar da kai.

"Malam, ni nay yi," in ji ta.

Kafin in sami bakin magana, muryar Inna ta fito daga ɗakinta.

"Rakiya, bar ɗaukar abin da ba naki ba. Hwaɗa ma mutumen ga ni nas sa. Kin ce mini ya hana, nic ce ki wanke."

Ga abin da ya faru. Ƙawayen Inna na Bambai sun aiko za su zo dubiya ranar. Da safe ta shiga ɗakin, ta tura hannu cikin akwatin, ta ji santsi. A ƙasarmu ba abin da ke zubar da mutuncin matar gida kamar a taɓa randarta a ji gansakuka. Tsofaffin nan kuwa ba su shiga gida su fita ba su leƙa randa ba, kuma abin da suka gani zai riga su isa Bambai. Inna ta yarda ruwa yana nuna, amma ba wanda ya gaya mata santsin yana cikin nunar. Ita dai ba za a ce matar ɗanta ƙazama ce tana raye ba. Uwarku ta roƙe ta, ta ce a jira ni, ta ƙi. Wace surukar kirki ce za ta tsaya musu da uwar miji a kan wankin randa? Ta wanke tana hawaye. Ɗaya ta yi don kare sunan ɗaya, ɗayar ta yi don girmama ɗayar, ni kuwa na tsaya a tsakiya da fararen duwatsu. Wannan ita ce gaskiyar da nake so ku riƙe game da uwarku.

Sabulu ya kashe duk abin da ya tsiro. Sai da na jiƙa duwatsun na yi ta sauya musu ruwa har ƙamshin ya fita, sannan na narka gishirin da ya rage, wanda daga shi ba wani. An koma farko. A tsakanin nan na kai Inna wurin lokotoro, ya haska idon, ya ja ni gefe ya ce abin yana sauri fiye da yadda ya zata. A hanyar dawowa na yanke shawara. Zan sa Hashimu ya turo kifin yanzu, in zuba su a ɗanyen ruwan. Na san ba za su yi rai ba, amma za su yi 'yan kwanaki suna yawo, Inna ta gan su, buƙata ta biya. Shekaru ina faɗa da masu otel a kan kada su yi haka, ga shi ni zan yi da hannuna, kuma ko a jikina. Na faɗa wa uwarku a tsakar gida, da ƙarfi yadda Inna za ta ji. Ta kuwa ji.

"Rakiya, tambaye shi, in an sa su yanzu, ƙaƙa za su mutu?"

Na so in kauce, amma na faɗi gaskiya. Na ce gubar tana ƙona musu wurin shaƙar iska, sai su taso sama suna haki, su daina cin abinci, launinsu ya dushe, su kwanta a gefe.

"Kuma shi ya san haka?"

"Ya sani, Inna," in ji uwarku.

"To hwaɗa mishi ban yarda ba. A ɗauko bayin Allah daga gidansu, a ratso ƙasashe da su, a kawo su su mutu da ƙishin iska don tsohuwa ta yi kallo? In je gaban Ubangiji da wanga? A bar ruwa shi nuna. In ina da rabon gani, ni gani."

Na yi magiya ta bakin uwarku, na ce lokotoro ya ce kaza. Ta ce ta ji abin da ya ce, ba kurma ba ce. Na fita waje raina a ɓace, na zagaya unguwa na dawo, ban kira Hashimu ba. A wajena wannan ita ce biyayya mafi tsada da na taɓa yi mata.

Jira na biyu ya fi na farko ɗaci. Na riƙa gwada ruwa safe da yamma kamar gwajin zai sa shi sauri, har maganin ya kusa ƙarewa. Inna kuwa ko gezau. La'asar na yi, ga ta. Sai dai tabarmar tana matsowa, yau taku ɗaya, jibi wani, har ta zo dab da kujerata. Takan ce a buɗe ƙofa sosai haske ya shigo. Wani lokaci ta ce, "Rakiya, mutumen ga ya cika motsi, shi zamna wuri guda." Sai in zauna shiru kamar wanda za a ɗauka hoto, ina cewa a raina tsufa ke nan. Labaran teku suka ƙare, na shiga na abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har da ranar da na ji rasuwar mahaifina ina kan tsani a wani otel, na sauko na ci gaba da aiki don ba kuɗin mota. Ita ma ta ba bango labarin shekarar yunwa, da yadda take aika wa kakata fura a ɓoye don a ba ni. Yau in na tuna makonnin nan, godiya nake yi wa Allah, ina kuma yi wa uwarku, wadda ta riƙa ajiye aikinta ta zo ta zauna a bakin ƙofa don kawai Inna ta samu wanda za ta kira.

Sanyi na shirin tafiya ruwan ya nuna. Na jefa ɗan abinci na gwada, washegari ba guba ko kaɗan. Na kira Hashimu na ce ya turo biyu kawai, masu ƙarfin rai, don ko ruwa ya nuna ba a cika shi da kifi lokaci ɗaya, sai halittun dutse sun saba da nauyin. Wani ɗan garinmu ya riƙo su a jirgi zuwa Yamai, cikin leda mai iska a akwatin sanyi, daga nan ya hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Tawa yana rungume da su a cinya. Suka iso da rai. Na ɗora ledar a kan ruwan har zafinsu ya daidaita, na riƙa zuba musu ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan na sake su. Na kunna fitila. Wasu 'yan kifaye ne masu ruwan lemo da farin ɗamara, suna rausaya kamar masu rawa. Maƙwabta suka cika ɗakin har waje, masu kirana Mai Duwatsu suna ta salati. Uwarku ta riƙo Inna, aka buɗa mata hanya. Inna ta dafa gilashin da hannu biyu, ta kai fuskarta har hancinta ya kusa taɓawa. Ɗaya daga cikin kifayen ya zo daidai idonta ya tsaya. Ta daɗe a haka, sannan ta ce:

"Rakiya, an sa su?"

Jama'a suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Aka bar mu mu uku. Na zauna a kujerata. Baƙin ciki ya cika ni, na dubi gilashi na ce da na sani da na zuba su tun wancan lokacin, ko da kwana biyu ne da ta gani. Inna ta laluba ta zauna a tabarma.

"Rakiya, hwaɗa ma mutumen ga shi bar ɓata rai nai. Ni ba duwatsu nika zuwa kallo ba. In hitila tana kashe, ƙohwa tana buɗe, madubin ga na nuna wanda az zamne gaba nai. Tun randa anka ɗauke shi daga bayana ban samu na dube shi son raina ba, sai bana. Na gane shi sarai. Goshin babana gare shi. Hurhura ta cinye mishi gemu. Kuma akwai tabo bisa gira tai ta hagu, wanda ba wanda yat taɓa ba ni labari nai."

Uwarku ta rufe fuska da gyale. Ni na kasa ɗaga kai. Da kyar na ce wa gilashin, shekarata ta farko a shagon ce, wani falle ya fashe a hannuna ya yanke ni, aka ɗinke.

Sai Inna ta juyo da fuskarta sosai wajen da muryata take, ba ta kira Rakiya ba.

"Ya yi zahi?"

Na buɗe baki in ce a'a, irin amsar da namiji ke bayarwa. Sai na ji ba zan iya ba.

"Ya yi, Inna."

"Sannu," in ji ta. "Sannu, ɗana."